Suri uku aka saya, ashe ciwon na kibiya ne: abin da na tarar a wani shagon hoto a Garwa

Saura kwana tara a yi ƙaramar Sallah, da hantsi, wani dattijo mai shagon hoto da buga takardu a kusa da babbar kasuwar Garwa ya kira ni a waya. Aminin mahaifina ne, tun ina yaro Baba nake ce masa. Muka gaisa, ya tambaye ni azumi, na tambaye shi iyali, sannan ya ce, "Ɗana, ka daure ka zo ka duba mana na'urar nan. Suri uku muka saya cikin wata biyu, amma kibiyar ta ƙi zama lafiya. Ga aikin Sallah ya taru."

Suri shi ne sunan da muke kiran linzamin kwamfuta a nan arewacin Kamaru, daga Faransanci muka aro shi. Kibiya kuwa ita ce 'yar alamar nan da ke yawo a allo idan ka motsa shi. Na hau mashin na tafi.

Kwamfutar ta tebur ce, ta hannu, irin waɗanda ake saukewa a Duwala a kawo mana arewa. Windows 10 ce a kanta da harshen Faransanci. Allo biyu ke haɗe da ita. Babban mai inci 27 ne, ɗigonsa, wato ƙananan ɗigogin hasken da ke haɗuwa su ba da hoto, 2560 a kwance da 1440 a tsaye, an haɗa shi da wayar DisplayPort, a kansa ake gyaran hotuna. Ƙaramin tsoho ne mai inci 19, ɗigo 1280 da 1024, yana kan wayar VGA mai shuɗin kai, an ajiye shi a dama, an ɗan karkata shi don mai hoto ya ga abin da ake yi masa. Autar Baba ce ke aiki a kan na'urar, yarinya mai hannu sosai a gyaran fuska da haɗa katin biki. Ita ta fi kowa shan wahalar abin.

Na ce mata, "Ƙanwata, bar ba ni labari tukuna. Zauna ki yi aikinki yadda kika saba, ni zan tsaya a bayanki."

Ina yin haka ne domin kalmar "ta lalace" jaka ce mai ɗaukar komai. Cikin rabin awa na gane cewa abin da suke kira matsala ɗaya, matsaloli ne har uku, kowace da tushenta, kuma babu ko ɗaya da ta shafi suri. Wannan na san shi tun kafin in taɓa komai. Suri ba ya aika wa kwamfuta hoto. Abin da yake aikawa kawai shi ne: na matsa kaza zuwa dama, na matsa kaza zuwa sama, an danna ni, an sake ni. Na USB na gama-gari yana aika wannan saƙo sau 125 a daƙiƙa. Bai san siffar kibiya ba, bai san girmanta ba, bai ma san allo nawa ne a gabanka ba. Idan suri ya mutu, kibiya za ta riƙa tsalle, ko ta tsaya cak, ko dannawa ɗaya ta zama biyu. Amma idan kamanninta ne suka canza, ko tana abu a wannan allo ba ta yi a wancan, to ka bar suri ya huta, kuɗinka kake zubarwa.

Ta farko ba ta ɗauki minti biyar ba. Idan ta ja kibiya daga babban allo za ta shiga ƙarami, wani lokaci ta wuce sumul, wani lokaci ta maƙale a baki kamar ta ci karo da bango. Na buɗe shafin saitin allo, inda Windows ke zana allunan kamar akwatuna biyu masu lamba 1 da 2. An jera su kai da kai ta sama. Tsayin babba ɗigo 1440, na ƙarami 1024, ragowar 416 ke nan a ƙasa da babu komai a gefensu. Duk kibiyar da ta zo ta wannan ƙasan, bango za ta tarar. A kan teburin kuwa gindin allunan ne ke daidai, kuma hannunta ya saba bi ta ƙasa. Na ja akwati na 2 na saukar da shi ya daidaita da na 1 ta gindi. Bangon bai gushe ba, ya dai koma sama, inda ba ta cika bi ba. A Windows 11, tun sabuntawar 2022, akwai zaɓin da ke sauƙaƙa wa kibiya tsallaka irin wannan gurbi, amma Windows 10 ba ta da shi.

Ta biyu ta fi ɓata mata rai. Akwai wata tsohuwar manhaja da suke jera hotunan katin shaida da ita, guda takwas a takarda ɗaya. Idan ta ja tagar manhajar zuwa ƙaramin allo, sai ta danna nan, abin ya kama can, kusan faɗin yatsa tsakani. Kibiyar ma girmanta na canzawa idan ta tsallaka. Na duba ma'aunin girma: babban allo yana kashi 150 cikin 100, ƙarami yana kashi 100. Baba ne ya sa aka ƙara, domin idonsa ya fara rauni kuma shi ke duba lissafin shago da dare.

Tun Windows 8.1 a 2013 aka ba kowane allo damar ɗaukar nasa ma'aunin, amma sai manhajar da aka rubuta da sanin haka ce ke bi daidai. Tsofaffi da yawa suna ɗaukar ma'aunin babban allo su riƙe, ko an kai su wani allon, sai lissafin wurin da aka danna ya saɓa da wurin da aka zana. Ana iya shiga bayanan manhajar, a shafin Compatibilité, a ce Windows ta karɓi aikin girmamawar da kanta. Na gwada, dannawa ta daidaita, amma rubutu ya yi dishi-dishi, kuma mai aikin hoto ba ta son dishi-dishi. Sai na bi wata hanya. Na mayar da allunan biyu kashi 100, na shiga saitin sauƙaƙa gani na ja sandar girman rubutu kaɗai, wadda aka ƙaro a Windows 10 a ƙarshen 2018. Muka fita daga asusun muka sake shiga. Na kira Baba ya zo ya karanta lissafinsa. Ya gyara tabarau, ya matso, ya ja baya, ya ce, "Wannan ya yi, ɗana. Ina gani."

Ta ukun ce ta riƙe ni har bayan isha'i, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Tun da na zo ba ta bayyana ba, sai a wayar yarinyar na gan ta. Ta ɗauki hoton allon ranar da abin ya faru. A inda ya kamata a ga kibiya, wani tsiri ne a tsaye, ɗigo-ɗigo baƙi da fari, kamar an karya mataji an bar haƙoransa a jere. Ta ce idan ya zama haka, yana tafiya yadda ya kamata, yana dannawa, amma ba ta sanin ina ne bakinsa. Ga mai cire tabo a gefen ido ko gyara bakin ɗankwali, wannan makanta ce. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, idan ta ja shi zuwa ƙaramin allo, sai ya koma kibiya lafiya lau. Ta dawo da shi babba, mataji. Kuma ta ce, "Yaya, na danna Impr écran, maɓallin ɗaukar hoton allo, don in ajiye shaida, da na buɗe hoton babu komai a wurin. Har na fara tunanin ko idona ne."

Idonta lafiya ƙalau. Abin da ta faɗa ɗin nan shi ne rabin maganin, ita ta samo shi ba ni ba.

Kibiya ba a cikin hoton allo take ba. Ka tuna malami a gaban allon aji da sandarsa: rubutu yana jikin allo, sanda tana yawo a kansa, amma sanda ba rubutu ba ce. Haka katin hoto na kwamfuta ke yi, wato ɓangaren da ke cikinta mai tura hoto zuwa allo, ko na Intel ne ko na AMD ko na Nvidia. Windows na miƙa masa ɗan ƙaramin zanen kibiya, wanda a asali ɗigo 32 ne da 32, ya ajiye shi a wani gurbi daban, sannan a daidai lokacin da yake tura hoto ta waya zuwa allo sai ya ɗora kibiyar a sama. Shi ya sa ko kwamfuta ta yi nauyi, tagogi sun daskare, kibiya na ci gaba da yawo ba tangarɗa. Shi ya sa kuma hoton da maɓallin nan ke ɗauka ba ya zuwa da ita. Kowace mafitar allo a jikin katin tana da nata gurbin kibiyar. Idan zanen da aka zuba a gurbin babban allo ya gurɓace, na ƙarami yana nan da lafiyarsa. Mataji a hagu, kibiya a dama, daidai yadda ta faɗa.

Da wannan na sallami mutum biyu daga zargi. Wayar da ta haɗa allo da kwamfuta ba ta da laifi, domin gamammen hoto take kaiwa, ba ta da wayon da za ta ware kibiya ita kaɗai ta ɓata ta bar fuskar amarya garau. Allon ma haka. Saura katin da kansa, da direbansa, wato manhajar da ke tsakaninsa da Windows, wadda masu Faransanci ke kira pilote.

Katin na fara dubawa, saboda Garwa ce kuma watan Maris ne. Zafinmu a wannan lokaci yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta kwana wata uku tana shiga kowace kafa. Na buɗe akwatin, na tarar da ƙura ta yi kauri a fankar katin kamar auduga. Muka fita da shi waje na hure shi tas, ina riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Wannan aiki ne da ya kamata a yi ko babu matsala. Amma ban sa rai shi ne maganin ba, domin katin da zafi ya fara cinyewa yakan watsa ɗigo da layuka a ko'ina cikin hoto, ba ya tsayawa a kan kibiya kawai.

Muka mayar, muka kunna, muka zauna jira. Awa biyu tana aiki, kibiya lafiya. Masu hoto na shigowa, wata uwa da 'yan biyu cikin ankon atamfa, wani tela yana son a buga masa talla. Na yi azahar, na dawo. Na fara tunanin in tafi in ce su kira ni idan ta tashi.

Dab da la'asar aka ɗauke wuta.

Ondila ta fara ƙara, wato akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci. Babban allo ya yi baƙi. Ƙaramin ya ɗan ƙifta, sai ga dukan tagogin aikinta sun tattaru a kansa, sun cunkushe. Yaron shago ya fita ya ja gurup, wato janareto, ya tashi a ja na uku. Babban allo ya dawo, duka biyun suka sake ƙiftawa. Ta ja suri zuwa hagu, ta ce, "Yaya, ga shi!"

Ga mataji kuwa.

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Kwamfuta da ƙaramin allo suna kan ondila, babban allo yana kan soket na bango. Baba ne ya tsara haka, da tunanin cewa babban zai shanye batir da wuri, ƙaramin kuwa ya isa a ajiye aiki kafin gurup ya tashi. Tunani ne mai kyau, amma akwai abin da bai sani ba. DisplayPort na da layi na musamman da ke shaida wa kwamfuta cewa allo yana nan. Idan allon ya rasa wuta, Windows na ɗauka an zare shi ne gaba ɗaya, sai ta rushe tsarin allo biyu ta koma ɗaya, ta kwashe tagogi. Idan ya dawo ta sake ginawa. VGA, wadda IBM ta fito da ita tun 1987, ba ta da wannan tsegumin, galibi ko ka kashe allon kwamfuta ba ta damuwa. To a shagon nan, duk ɗaukewar wuta rushewa ce da sake gini, kuma a wajen sake ginin ne direban ke zuba zanen kibiya a karkace.

Ban yarda da gani ɗaya ba. Da farko na danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke sa direban hoto ya sake tashi ba tare da an kashe kwamfuta ba. Aka ji ɗan ƙara, allo ya ƙifta, kibiya ta dawo daidai. Sannan na zare filogin babban allo na mayar, na zare na mayar, har sau shida. Sau biyu mataji ya fito. A karo na biyun na bar shi a haka, na shiga saitin suri, shafin zaɓuɓɓukan kibiya, na kunna jelar nan da ke bin kibiya a baya, na ja sandarta zuwa mafi gajarta. Nan take mataji ya ɓace. Dalili shi ne, katin ba ya iya zana jela a gurbinsa, don haka da zarar ka kunna ta Windows ke karɓe zanen kibiya ta yi da kanta a cikin hoto. Idan wannan ya warkar da ita, ka tabbata ciwon yana hanyar da ke tsakanin direba da gurbin katin. A wurina wannan shi ne gwajin da ya fi kowane amfani a irin wannan matsala, kuma ba ya cin ko dala.

Da yawa daga abokan sana'ata a nan suke tsayawa, su karɓi kuɗinsu su tafi. Ban ga laifin wanda ya bar jela a kwamfutar ofis da ake rubuta wasiƙa ba. Amma yarinyar ta gwada minti goma ta ce hannunta na jin kibiyar ta yi nauyi, tana biyo ta a baya kaɗan. Gaskiyarta ce. Kibiyar da Windows ke zanawa sai ta jira a gama haɗa hoton allo, ta katin kuwa ba ta jira. Mai gyaran gira da gashin ido zai ji bambancin a yatsunsa.

Na duba direban da ke kai. Tsoho ne ƙwarai, kuma ba daga shafin kamfanin katin aka ɗauko shi ba. Wanda ya sake ɗora musu Windows a bara ya yi amfani da irin kilen nan, wato filashin USB, mai tarin direbobi da ake dannawa sau ɗaya ta zuba komai. Ba na son kilen nan ko kaɗan. Tana sauƙaƙa wa mai gyara, ta bar mai kaya da abin da ba a san asalinsa ba, sau da yawa a kan ragowar wani direban da ba a cire ba.

Muka sha ruwa a shagon, dabino da kunun gyaɗa da aka aiko daga gida. Bayan magariba na sauke direban da ya dace daga shafin kamfanin ta intanet ɗin wayata, ɗaruruwan megabait ne, ya ɗauki lokaci. Na sauke DDU, manhajar kyauta da ke tumɓuke direban hoto har saiwa. Na cire intanet daga kwamfutar, domin idan ka bar ta Windows za ta riga ka ta ɗora nata direban da zarar ta ga gurbi. Na riƙe Shift na danna sake kunnawa, na shiga yanayin kariya, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi, na tumɓuke tsohon, na dawo na ɗora sabon. Na nuna mata abu guda a nan: Redémarrer, wato sake kunnawa, daban, Arrêter, wato kashewa, daban. Tun Windows 8, idan zaɓin da ke sa kwamfuta saurin tashi na kunne, kashewa ta yau da kullum tana adana halin da direbobi ke ciki ta dawo da shi gobe da safe. Sake kunnawa ce ke tayar da komai sabo. Idan abu ya rikice, ita za ta zaɓa.

Na kashe jelar. Na zare filogin babban allo na mayar sau goma, tana ƙirgawa. Kibiya ba ta canza ba ko sau ɗaya.

Duk da haka ban bar wayoyin yadda na same su ba. Ko kibiya ta warke, tagogi za su ci gaba da tarwatsewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma ban ga dalilin da za a riƙa jarraba sabon direba sau uku a yini ba. Na juya allunan biyu na haska wa Baba takardun da ke bayansu da fitilar waya. Tsohon ƙaramin irin mai fitilar kwalba ne a ciki, sabon babban kuwa LED ne, kuma wutar da suke ci kusan ɗaya ce. Ya daɗe yana duban lambobin, ya ce, "Ikon Allah. Ni na ɗauka girma shi ne ci." Na mayar da babba kan ondila, ƙarami kan bango. Muka kashe wutar shagon daga mita don gwaji. Ƙaramin ya mutu, babban yana nan da hoton 'yan biyun nan a kai, babu tagar da ta motsa.

Kafin in tafi na gaya masa cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma kwamfutarsa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka ya fara tanadin wata cikin shekara. Na kunna mata zaɓin da ke zana da'ira a kewayen kibiya idan ta danna Ctrl, saboda a allo mai ɗigo 2560 a kashi 100 kibiya ƙarama ce, tana iya ɓuya a farin mayafi. Na rubuta mata maɓallan nan huɗu a takarda, ta manna a gindin allon.

Kwana uku bayan Sallah na biya in yi wa Baba barka. Ta ce an ɗauke wuta ba adadi a cikin kwanakin, mataji bai dawo ba, takardar ma ba ta yi amfani da ita ba. Bangon sama ne kawai take cin karo da shi jefi-jefi idan ta ɗauko kayan aiki daga saman allo, kuma wannan ba zai tafi ba sai ranar da aka samo allo na biyu mai ɗigo 1440 a tsaye. Baba ya jawo aljihun tebur ya fito da surin nan uku da aka yi wa hukunci, ya ce in gwada. Na jona su ɗaya bayan ɗaya. Biyu lafiyarsu ƙalau, na ukun maɓallin hagunsa ne ya fara danna biyu. Ya mayar da guda cikin aljihun, ya ba yaron shago ɗayan ya kai wa ƙanensa da ke koyon kwamfuta a Yelwa.